Murtsunguwa mai furen okid a zafin Sakkwato: rana take so ko inuwa?

Uwargida daga Mabera:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina neman shawararku game da wata shuka da yayata ta kawo mini daga Jos a watan Janairu. Rassa uku ne masu faɗi kamar ganye, gefensu da gaɓa-gaɓa, kuma ta ce masu furanni suna kiranta okid kaktus, iri ne mai aure, furensa ja ne babba wanda ya kai faɗin tafin hannu. Da na ji cewa dangin murtsunguwa ce, sai na cika bokitin roba da yashi, na dasa su, na ajiye a tsakar gida inda rana take dukansu tun hantsi har la'asar. Har ƙarshen Fabrairu suna nan kore shar, amma tun da bazara ta kama a watan Maris sai suka fara yin ja, yanzu biyu sun yamutse kamar tsohuwar fata, na ukun kuma gindinsa ya yi baƙi ya yi laushi. Da na ga sun yamutse na ƙara musu ruwa safe da yamma, abin sai ƙara lalacewa yake yi. Ko akwai abin da za a iya cetowa?

Mai sayar da furanni a bakin titi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ruwan ne ya yi yawa. Duk abin da aka kira murtsunguwa ɗan sahara ne, ba ya son ruwa kuma ba ya tsoron rana. Ki dubi aguwa da ake shinge da ita a ƙauyukanmu, ko tinya da kyarana, wa yake ba su ruwa? Ki daina ba ta ruwa na wata guda, ki bar ta a inda take, za ta farfaɗo.

Malamin gona mai ritaya, Runjin Sambo:
Ƙanena mai furanni, rabin maganarka daidai ce, amma ɗaya rabin idan aka bi shi, shukar baiwar Allah nan ba za ta kai ƙarshen Afrilu ba. Gaskiya ne ruwan safe da yamma shi ya ruɓar da gindin reshe na uku. Sai dai wannan shuka ba 'yar sahara ba ce ko kaɗan. Kakanninta 'yan dazuzzukan Meziko ne da Amurka ta Tsakiya, kuma a can ba a ƙasa suke tsirowa ba, a kan manyan itatuwa suke zaune, saiwarsu a cikin ruɓaɓɓen ganyen da ya taru a tsakanin rassa. Ba su shan jinin itacen kamar yadda kauci yake yi, wurin zama kawai suka ara. Hasken da suka saba da shi shi ne wanda ya ratso ta cikin ganyaye, ruwan sama kuma yana jiƙa su ya wuce nan take, iska tana kaɗa saiwar. Wanda ya riƙe wannan hoto a ransa ya san kusan duk abin da shukar take bukata: inuwa mai haske, ƙasa mai sakin ruwa, da danshi wanda bai kai jiƙewa sharkaf ba.

Ɗiyata ta Mabera, jan da kika gani ƙunar rana ce. Yamutsewar kuwa tana da dalili biyu da suka yi kama da juna a ido: ko dai shukar ba ta samun ruwa, ko kuma saiwar ta mutu ta yadda ko an zuba ruwan ba za ta iya sha ba. Naki na biyun ne. Bokitin roba a tsakiyar rana a watan da zafi yake haura digiri 40, yashin da ke ciki yana zama kamar yashin suyar gyaɗa, ga ruwa kuma ana ƙarawa, sai saiwar ta dahu. Ko bokitin yana da huda a ƙasa?

Uwargida daga Mabera:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Huda ɗaya ce na yi da ƙusa, kuma da na duba yanzu yashi ya toshe ta.

Ɗalibin ilimin tsirrai, Dundaye:
Da izinin manya zan ƙara wani abu a kan misalin aguwa da tinya da kyarana. Waɗannan uku a ilimin tsirrai ba dangin murtsunguwa ta gaskiya ba ne, 'yan gidan Euphorbia ne, kuma alamarsu ita ce farin ruwa mai kama da nono da ke fita idan an yanke su, wanda yake da haɗari ga ido. Kamanni ne kawai ya haɗa su, domin zaman wuri mai ƙarancin ruwa ya sa kowannensu ya koyi ajiye ruwa a jikinsa. Dangin kaktus na asali, wato murtsunguwa ta gaskiya, duk daga nahiyar Amurka suke, in ban da guda ɗaya mai suna Rhipsalis baccifera da ake samu a dazuzzukan Afirka, shi ma kuma a kan itace yake zaune. Saboda haka ba a auna shukar Hajiya da ma'aunin aguwa.

Abin da ya yi kama da ganye ma reshe ne da ya baje, shukar ba ta da ganye. Wani masanin tsirrai na Ingila, Adrian Haworth, shi ya raɗa wa wannan jinsi suna Epiphyllum a shekarar 1812, daga kalmomin Girka masu ma'anar "a kan ganye", saboda furen yana fitowa daga gefen abin da ake zato ganye ne. Irin masu aure da ake sayarwa yanzu, yawancin jininsu daga wani jinsin kaktus mai suna Disocactus ne, wanda ya ba su launin ja da ruwan hoda da ruwan goro, da kuma buɗewa da rana. Turawa sun fara wannan aure tun ƙarni na 19, kuma akwai ƙungiyar masu renon ta a Kalifoniya ta Amurka, da aka kafa a 1940, wadda take rajistar sunayen irin da aka fitar, sun kai dubbai. Okid ɗin da ke cikin sunan kuwa sunan wata shukar fure ce dabam, an aro shi ne don yabon kyan furen, babu dangantaka tsakaninsu.

Mai sayar da furanni a bakin titi:
Na karɓi gyara a kan rana, Baba. Amma ina da irin ta a wajena shekara biyu ke nan, a ƙarƙashin mangwaro, fari take yi kuma da dare take buɗewa, kafin gari ya waye ta kwanta. Ban taɓa yi mata wani gata ba.

Ɗalibin ilimin tsirrai, Dundaye:
Malam, taka ita ce ake kira sarauniyar dare, Epiphyllum oxypetalum, iri ne na asali da bai yi aure ba, kuma ta fi masu auren juriyar zafi nesa ba kusa ba. Kuma ka lura da bakinka ka ce a ƙarƙashin mangwaro take, wato gatan da ta fi bukata ka riga ka yi mata ba tare da ka sani ba. Masu auren furensu yakan kwana biyu ko uku a buɗe, ana ganinsa da rana, amma sun fi ta shagwaɓa.

Hajiya mai lambu, Arkilla:
Ƙanwata ta Mabera, ni na shiga abin da kika shiga, kuma sai da na kashe rassa huɗu kafin na gane. Ga abin da zan yi yau ɗin nan da ni ce ke. Ki zare rassan duka uku daga yashin. Wanda gindinsa ya yi baƙi, ki sa reza sabuwa ko wuƙar da kika ƙona bakinta a wuta, ki yanke sama da ruɓar har sai kin ga cikin reshen fari-kore ne tas, babu ɗigon ruwan ƙasa ko ɗaya. Idan abin da ya rage ya kai santimita 15, ya isa dashe. Kada ki dasa shi a ranar. Ki kwantar da shi a cikin ɗaki inda iska take shiga, kwana bakwai zuwa goma, har bakin yankan ya bushe ya yi ɓawo. Wannan ne wurin da masu saba dashen rogo da rake suke kuskure, domin su ana yanka ana binnewa, ita kuwa idan aka binne ta da ɗanyen rauni, ta nan ruɓa take shiga. Ki kuma yi alama a gindin, don kada ki juya shi kai a ƙasa.

Idan lokacin dashe ya yi, ki binne kamar santimita 4 kawai, ki kafa ɗan kara ki ɗaure shi don ya tsaya, kuma kada ki zuba ruwa sai bayan mako guda ko biyu, sai dai yayyafi kaɗan a jikin reshen da yamma. Sauran biyun da suka yamutse, ki dubi saiwarsu, ki cire duk wadda ta yi baƙi ko take saɓulewa a hannu, su ma su huta kwana biyu zuwa uku. Jan da ke jikinsu zai ragu a inuwa, amma inda ya ƙone ya yi fari kamar takarda ba zai dawo ba.

Ƙasar da nake haɗawa kuwa babu ƙasar gona a ciki ko cokali ɗaya. Kashi biyu na ruɓaɓɓen ganye da na kwaso a gindin mangwaro, kashi ɗaya na gawayi da aka farfasa kamar girman gyaɗa, kashi ɗaya na ɓuntun shinkafa da aka babbaka bai zama toka ba, da kashi ɗaya na tsakuwa ƙanana. Gwajinsa mai sauƙi ne: idan kin zuba ruwa a sama, ya kamata ki gan shi yana fita ta ƙasa kafin ki ajiye butar.

Malamin gona mai ritaya, Runjin Sambo:
Hajiya, haɗinki ya yi, musamman gawayin. Abu ɗaya zan ja kunne a kansa, shi ne gara. Ruɓaɓɓen ganye da ɓuntu abincinta ne, kuma idan tukunya tana zaune a kan ƙasa, ta hudar gindi take shiga ba a sani ba sai shuka ta kwanta. A ɗora tukunyar a kan bulo ko a rataye ta. Ratayewar ma ta fi dacewa da halin shukar, tunda rassanta zubowa suke yi idan sun yi tsawo.

Wani ma'aikaci daga Gawon Nama:
Ni tambayata ita ce, me ya kai mu ga wannan wahala? Ƙariya tana tsirowa a dajinmu ba mai kula da ita, furenta ruwan hoda ne mai kyau, kuma a tsakiyar rani take yinsa. A garin da mutane suke sayen ruwa a jarka, a ce za a reni shukar dajin Meziko da yayyafi safe da yamma, don furen kwana biyu a shekara? Ina ganin shukar Jos ce, a bar wa mutanen Jos abinsu.

Hajiya mai lambu, Arkilla:
Malam, ƙariya ina da ita guda biyar kuma ba na raina ta. Amma batun ruwa ba haka yake ba. Tukunyata mafi girma ba ta shan abin da ya wuce buta ɗaya, kuma ko a bazara bayan kwana biyu ko uku nake ba ta. Kwando ɗaya na tumatir ya fi ta shan ruwa sau da yawa. Wahalarta ba ta ruwa ba ce, ta neman wuri ce. Tawa tana rataye a barandar da ke fuskantar gabas, tana samun ranar safe zuwa ƙarfe tara, daga nan inuwa har dare. Daga Maris zuwa faɗuwar ruwan farko nakan sauke asabari a gefen barandar, in jiƙa daɓen ƙasa da azahar don iskar wurin ta yi sanyi. A shekararta ta uku ta yi mini fure bakwai a farkon Maris, kuma maƙwabta har sallama suke yi su shigo kallo.

Ɗalibin ilimin tsirrai, Dundaye:
Akwai gaskiya a damuwar Malam na Gawon Nama, sai dai ba a inda ya ɗora ta ba. Dangin kaktus suna rufe ƙofofin numfashin jikinsu da rana don kada ruwa ya tsere, sai dare ya yi su buɗe su ɗauki iskar da za su yi abinci da ita washegari. Wannan tsari yana tafiya daidai ne idan dare yana da sanyi. A Sakkwato cikin Afrilu da Mayu, dare kansa yana zama kusa da digiri 27 ko 28, shi ya sa shukar take tsayawa cik a waɗannan watanni ko da tana inuwa. Jos tana kan tudu mai tsawon fiye da mita 1,200, darenta da sanyi kusan duk shekara, shi ne bambancin. Don haka a bazara burin mai reno shi ne shukar ta rayu kawai. Girma sai damina ta sauka, daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da iska take da danshi.

Mai sayar da furanni a bakin titi:
To a ba ta yuriya kaɗan mana a bazarar, ta tashi. Kuma ni a roba nake ganin ya fi, domin tukunyar ƙasa tana shanye ruwa.

Malamin gona mai ritaya, Runjin Sambo:
A'a, ƙanena. Shukar da zafi ya galabaita ba a ba ta taki, kamar yadda ba a ɗora wa mai zazzaɓi tuwo da nama. Gishirin takin ƙona saiwar zai yi. Yuriya kuwa ko a lokacin lafiya ba abokiyar wannan shuka ba ce, domin sinadarin naitirojin mai yawa da ke cikin yuriyar rassa yake sa ta yi, masu laushi da tsawo, fure kuwa shiru. Da damina ana iya narkar da rabin ƙaramin cokali na kamfa 15-15-15 a cikin lita huɗu na ruwa, a ba ta sau ɗaya a wata bayan an riga an jiƙa ƙasar. A tsaya daga Oktoba. Idan tohon fure ya kusa, wajen ƙarshen Janairu, abin da take so shi ne taki mai fosfaras da fotash wanda naitirojin ɗinsa kaɗan ne ko babu. Takin gida kuma sai wanda ya shekara ya ruɓe ya zama kamar ƙasa, ɗan kaɗan a sama. Kashin kaji ɗanye kada ya kusance ta.

Batun tukunya kuwa, abin da ka kira aibi shi ne amfaninta a garinmu. Yadda randa take sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowa, haka tukunyar ƙasa take sanyaya saiwa. A ƙasashe masu sanyi da yawa sun fi son roba, mu kuwa zafi ne abokin gabarmu. A huda gindinta wuri uku ko huɗu. Kuma a zaɓi ƙarama, domin wannan shuka ta fi yin fure idan saiwarta ta cika tukunya ta matsu. Rassa uku na ɗiyata ta Mabera tukunya ɗaya mai faɗin santimita 15 ta ishe su shekara biyu.

Hajiya mai lambu, Arkilla:
Baba, a nan zan ɗan saɓa maka. Tukunyar ƙasa ita kaɗai a lokacin hunturu tana bushewa cikin yini guda, iskar tana zuƙe ta ta kowane gefe. Abin da na koma yi shi ne in dasa a ƙaramar roba mai huda da yawa, in zura ta cikin tukunyar ƙasa da ta fi ta girma, in cika tsakaninsu da gawayi ina jiƙa shi. Saiwa tana samun sanyi, ƙasar kuma ba ta bushewa ƙarau.

Malamin gona mai ritaya, Runjin Sambo:
Wannan dabara ta fi tawa, Hajiya, na karɓa. Muddin robar ba ta zauna cikin ruwa ba.

Uwargida daga Mabera:
Allah ya saka da alheri. Ruwan gidanmu na rijiyar burtsatse ne, yana barin fari a gindin buta. Ko zai yi? Sannan me ake yi har ta yi fure, tunda shi ne ya sa yayata ta ɗauko ta tun daga Jos?

Ɗalibin ilimin tsirrai, Dundaye:
Farin da kike gani alamar farar ƙasa ce a cikin ruwan, kuma ba abin mamaki ba ne a yankin da ake haƙar dutsenta a Kalambaina ana yin siminti. Shukar tana son ƙasa mai ɗan tsami, ruwa irin wannan kuwa yana kashe tsamin a hankali, sai ki ga sababbin rassa suna fitowa rawaya-rawaya. Da damina ki tari ruwan indararo a jarka, ki bar na farkon ya wanke kwano tukuna. Idan ya ƙare, na burtsatsen zai yi, amma sau ɗaya a wata ki kwarara shi da yawa ya ratsa ya fita don ya wanke gishirin da ya taru.

Hajiya mai lambu, Arkilla:
Fure kuwa, ƙanwata, hunturu ne yake kawo shi, kuma a nan ne Sakkwato ta yi mana rana. Shukar tana bukatar makonni na dare mai sanyi da tsawo kafin ta ɗaura toho. A Disamba da Janairu darenmu yana sauka kusa da digiri 15, tsawonsa kuma ya haura awa 12 da rabi. Kada tausayi ya sa ki shigar da ita ɗaki, sanyinmu ba ya kai wanda zai cutar da ita. Ki kare ta daga bugun iskar kawai, ki rage ruwa zuwa sau ɗaya a mako ba tare da ta bushe ƙarau ba, ki riƙa share ƙurar da ke kwanta mata da jiƙaƙƙen tsumma. Kuma ki nisanta ta da ƙwan lantarkin da ake bari a kunne har asuba. A shekarata ta biyu tawa tana ƙarƙashin fitilar sola ta tsakar gida, ko toho ɗaya ba ta yi ba, sai da na matsar da ita.

Tohon yana fitowa ne daga idon da ke cikin gaɓar gefen reshe, kuma a reshen da ya shekara, saboda haka kada ki aske tsofaffin rassa don neman kyau. Da zarar kin ga toho, kada ki juya tukunyar, kada ki canza mata wuri, domin zubar da shi take yi. Tsoron da nake ji kowace shekara shi ne zafin Maris ya riga tohon buɗewa, wasu suna zubewa komai ƙoƙarina. Reshen da aka dasa bana, ki ba shi shekara biyu zuwa uku.

Wani ma'aikaci daga Gawon Nama:
Shekara uku. Allah ya ba ku haƙuri. Amma idan ta yi 'ya'ya, ba za a shuka irin a huta da neman reshe daga Jos ba?

Malamin gona mai ritaya, Runjin Sambo:
Tana yin ɗa, ƙarami mai baƙaƙen ƙwayoyi, ɗan'uwan 'ya'yan itacen nan ne mai jan ɓawo da ake kira diragon. Amma ka tuna masara mai aure: manomin da ya ajiye irinta ya shuka baɗi ba ya samun abin da ya girba bana. Ita ma haka, ƙwayar tana iya ba ka fure na wani launi dabam, bayan ka jira shekara huɗu ko fiye. Reshe ne kaɗai yake maimaita uwarsa.

Uwargida daga Mabera:
Assalamu alaikum. Na dawo da labari bayan mako biyar. Reshen da na yanke bai tsira ba, ruɓar ta riga ta hau ta tsakiyarsa, da na ƙara yankawa abin da ya rage bai kai tsawon yatsa ba. Sauran biyun suna cikin haɗin Hajiya, roba a cikin tukunya, a kan bulo a zauren da ke kallon gabas. Jan ya ragu sosai, ɗaya ya cika ya daina yamutsewa, da na ɗan ja shi a hankali kuma na ji ya riƙe ƙasa. Sai dai yau na ga wani farin abu kamar auduga a cikin gaɓoɓinsa biyu.

Hajiya mai lambu, Arkilla:
Ƙwaro ne, yana tsotsar ruwan reshen. Ki naɗa auduga a tsinke, ki tsoma a sifirit na shagon magani, ki goge shi ɗaya bayan ɗaya, sannan ki fesa ruwan ganyen dogon yaro da ɗigon sabulu bayan magariba, kada da rana. Ki maimaita bayan mako guda saboda ƙwayayen da za su ƙyanƙyashe. Ki duba ko tururuwa tana hawa bulon, domin ita take kiwonsa tana yawo da shi daga tukunya zuwa tukunya. Ruwa ya kusa sauka, idan ya fara ki tabbatar indararo ba ya zuba a kanta.